Akushin Alhaji Maliki

Shafi na 19

Ƙiba hatimi ce da Allah yake buga wa bayinsa na kirki a jiki, don kada jama'a su wahala wurin gane su. Duk Sabon Birni ta tafi a kan haka. Hujjar ma shekara da shekaru tana zaune a bakin kasuwar hatsi, bisa wani benci da kafinta ya ƙara wa ƙafafu: Alhaji Maliki, mai sitocin gero.

In ya ratsa kasuwa hankalin manomi kwanciya yake yi, domin duk wanda ya kalli tumbin nan ya san garin bai rasa abinci ba. 'Yan kabu-kabu sun daɗe da ba shi haƙuri. Ranar da likita a Sakkwato ya ce hantarsa ta yi kitse, da labarin ya iso gida mahaifiyarsa Hajiya Habi guɗa ta sa aka yi. Ta ce ita tun tana yarinya ta san hanta mai kitse manya ake ware wa a wurin mahauci, rago mara gata ba ya yin ta.

Matarsa Tasalla ce kaɗai ta ji sauran maganar likitan: hantar ta fara tabo, sukari ya hau, magani da tattaki sun gaza. In ana son mutumin ya ga jikokinsa, sai a yanke mafi yawan tumbin, a bar masa ɗan abin da bai fi ayaba ba.

Ga dai yadda aka yi. Aka ce wa gari an tafi Umra, jirgi kuwa Misra ya sauke su. Kafin a tura shi ɗakin tiyata ya sa Tasalla ta dafa Alƙur'ani, cewa maganar ba za ta fita daga bakinta ba. Da suka dawo suka biya kasuwar Sakkwato suka sayi dabino da jarkar ruwa mai rubutun Larabci, aka raba wa maƙwabta, kowa ya fuskanci alƙibla ya sha.

A shekarar ne ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. Matan ƙauye suka koma tsinkar tafasa da jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci.

To, ga matsalar akushi.

Hajiya Habi a bakin ɗakinta take wuni bisa tabarma, kuma duk akushin da ya fito daga turakar ɗanta sai ya bi ta gabanta, ta sa sanda ta ture faifan. Tun da ta yaye shi bai taɓa dawo da saura ba, abin alfaharinta ke nan a gidan biki. Yanzu kuwa loma kaɗan ce ke cika shi. An gwada zubarwa ta bayan katanga, washegari yara suka yi layi a wurin. Tuwo ba ya ɓuya a shekarar fari. Saboda haka Tasalla ta riƙa rufe ƙofa ta zauna ta cinye. Ta fito kuma ta ci nata rabon a tsakar gida, kada surukarta ta tambayi dalili.

Alhaji ya yi ta zubewa. Tasalla ta yi ta cika.

Mutanen Sabon Birni ba jahilai ba ne. Sun iya haɗa biyu da biyu.

Da hantsin ranar da muke magana, ta shiga turaka da ɗumame ta same shi gaban madubi yana jan zariyar wando, fuska cike da fara'a. Ya ce likita ya aiko da sakamako ta waya. Hanta tana sauke kitse, sukari ya koma gidansa. Ya ce da asuba ya yi sujada ba kujera, goshi har ƙasa, abin da ya manta yadda ake yi.

"Alhamdu lillahi," in ji Tasalla. "Sodangi na zaure."

Sodangi shi ne mai maganin mayu na yankin. Alhaji ya ci gaba da ɗaurin zariya.

"Na ji."

"Ka ji."

"Zancen mata ne. Hajiya ta tsufa, ki bar ta ta huce."

Ta ajiye akushin a gabansa. Ta gaya masa jiya da ta je gaisuwar rasuwa gidan Malami, mata sun janye 'ya'yansu bayan zane. Wata da suka yi shekaru suna aron turmi a tsakaninsu ta juya fuska ga bango tana cewa kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa. Ba a ma rage murya ba.

Alhaji ya ce jahilci ne, shi ya sa ƙasar ba ta ci gaba.

"Cewa sunka yi in tsallake ka, Alhaji. Gaban mutane."

"To mi ne ne ciki? Ɗaga ƙafa ne."

"Ɗaga ƙafa ne."

"Ki saurara." Ya matso, ya yi ƙasa da murya kamar mai ba da sirrin ciniki. "Likita ya ce ramar ta kusa tsayawa. Jiki zai zauna inda ya kai. Ki tsallaka kawai, nan gaba kaɗan kowa ya manta."

Tasalla ta dube shi. Tun tana budurwa aka kawo ta gidan nan daga Isa, ta san shi da wayon awo, amma ba ta san ya kai nan ba.

"In ramar ta tsaya bayan na tsallaka, mi za su ce?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Za su ce ta sake shi. Likitanka ne zai zama shaidar Sodangi."

Ya zauna bakin gado, gadon da yanzu ba ya ƙara. Ya gutsuri loma ƙarama ya fara taunawa a hankali, yadda aka koya masa a Misra.

"Ka hwaɗa musu gaskiya," ta ce. "Ni anka sa rantsuwa, kai ba ka rantse ba."

"In ce mi? In ce ban tahi Umra ba? Liman ya sha ruwan nan, Tasalla. Ya shafa ga idonai. Ya ce idon ya yi sauƙi."

"Allah ya ƙara mai lahiya."

"In tsaya gaban mutanen da ke cin anza in ce abinci ya yi man yawa, na kai cikina anka yanke? Wagga shekara? Kahin la'asar za su ɓalle sito. Ni da ke da yara duk mu koma bara."

A nan kam bai yi ƙarya ba, kuma ta sani. Abin da ya fi ciwo ke nan a zama da Alhaji Maliki: yakan haɗa ƙaryarsa da gaskiya kamar yadda yake haɗa tsohon gero da sabo, ba mai iya tsincewa.

"Ruƙayyatu fa?"

Ruƙayyatu ita ce babbar 'yarsu, tana koyar da yara a wata firamare a Isa. Maita, kamar yadda kowa ya sani, a nono ake shan ta. Uwa in ta amsa maita, ta amsa wa 'ya'yan cikinta har jikoki. Wane uba ne zai miƙa ɗansa ajin 'yar mayya?

Alhaji ya ce Isa da nisa.

Tasalla ta ce labarin ya riga ya kai Kamarawa, kan hanyar Isa, a bayan kabu-kabu.

"To, shi ke nan," ya ce. "In ta kai ga haka za ni magana."

"Ta kai."

"Na ce za ni magana."

Ya ƙara loma guda, ya dafe ƙirji, ya ture akushin gabanta kamar kullum. Ta tsaya tana kallon tuwon. Ƙafafunta sun fara kumbura tun watan jiya, hawan matakalar ɗaki na sa ta haki, akwai kuma wani nauyi da take ji a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Ta san sunansa. Ta ji an kwatanta shi a Sakkwato.

Ta mayar da faifai ta ɗauki akushin.

"Tasalla. Ba ki ci ba."

"Na ƙoshi, Alhaji."

Wannan shi ne iyakar tawayen da ta yi a zaman aurenta, kuma bai kai tsakar gida da rai ba. Hajiya Habi ta sa sanda ta ture faifan, ta ga tuwo zaune kamar yadda aka kwashe shi. Ta ɗora hannu a ka. Da akushi yana dawowa wayam mutum na ramewa, hujja ce. Yau da ya dawo cike, hujja ce mafi girma.

"Ta kai ga maƙoshi," in ji Hajiya. "A shigo da Sodangi."

Sodangi siriri ne, dogo, da layu jere a damtse da wata tsohuwar jakar fata. Harka ta buɗe masa bana, domin a shekarar fari kowa ya rame, kuma duk ramamme yana da maƙwabci. Ya shigo, bayansa mutane suka biyo. Ba a gayyace su ba, ba a kuma hana su ba. Suka cika zaure, suka tsaya jikin katanga, wasu da sanduna, suna kallon rumbun tsakar gida da gefen ido. Rabinsu da safen nan sun je sito neman kwano guda a kan lamuni an ce su dawo gobe.

Aka shimfiɗa tabarma. Alhaji ya fito cikin babbar rigar da a da take matse shi, yanzu kamar an rataye ta a ƙusa. Wata tsohuwa ta fara sharar ƙwalla.

"Ɗan auta," in ji Hajiya Habi, don shi ne autanta, ko da yake ya ba hamsin baya. "Zauna nan. Dubi abin da anka mayar da kai."

Sodangi ya fara bincike, kuma a gaskiya ba a taɓa bincike mai tsabta irin wannan ba. Ya tambayi yaushe ramar ta soma, aka ce bayan Umra. Wa ya raka shi? Tasalla. Wa ke rufe ƙofa da shi lokacin cin abinci? Tasalla. Wa ya yi ƙiba a garin nan bana, ban da ita? Aka dudduba, ba a samu ba. Hajiya ta ƙara da cewa uwar Tasalla daga can ƙetaren iyaka aka auro ta, ba wanda ya san kakanninta, ita dama tun ranar ɗaurin aure ta faɗa.

Ba ta faɗa ba. Shekara da shekaru Tasalla ce ke yanke mata farce.

Sodangi ya juya ga majinyacin.

"Alhaji, in ka ci abinci, kana jin wani abu ya riƙe ka nan?" Ya nuna ƙasan ƙirji.

"Ina ji."

"Loma kaɗan, sai ka ji ba wuri?"

"Haka ne."

"Kamar an yanke maka ciki an tahi da shi?"

Alhaji ya gyara wuyan riga.

"Kamar haka."

Jama'a suka yi salati. Sodangi ya gyaɗa kai irin na wanda ya sha ganin wannan. Ya ce haka suke yi, kuma daga hanta suke farawa.

"Hantatai mai kitse," in ji Hajiya. "Likita da kanai ya yaba ta."

Tasalla tana tsaye gefen turmi, hannu bisa hannu. Ba wanda ya tambaye ta komai, don ba a tambayar mayya, ƙarya za ta yi. Sai ta nemi izini ta yi wa mijinta tambaya guda. Sodangi ya ce ta yi, amma kada ta haɗa ido da shi.

Ba ta haɗa ba. Ƙasa ta kalla.

"Alhaji, ka hwaɗa ma Hajiya inda jirgi ya sauke mu."

Akuya ta yi kuka a bayan rumbu. Alhaji Maliki ya dubi uwarsa, ya dubi mutanen jikin katanga, ya ga na'ibin liman a cikinsu, ya ga sandunan. Ya buɗe baki. Tasalla ta ga maganar ta taso masa, ta gan ta da idonta, ta zo har wuya.

Amma yanzu abu mai girma ba ya wuce wuyan nan.

"Jidda mana," ya ce.

Wani ya yi dariya. Wata ta ce ji yadda take son juya magana. Hajiya Habi ta ce a gama, rana na yi.

Sodangi ya bayyana ƙa'ida don waɗanda ba su sani ba, ko da yake kowa ya sani. Majinyaci zai kwanta. Wadda ta kama shi za ta cire takalmi ta tsallake shi, kurwarsa ta koma. In ta yi, ba mai taɓa ta, ta ci gaba da zama ɗakinta, sai dai kowa ya san abin da ya sani. In ta ƙi, shi ya ɗauki jakarsa ya tafi, abin da ya biyo baya ba ruwansa.

Mutanen jikin katanga suka gyara tsayuwa. Ba ƙaunar Alhaji ce ta tara su ba. Wata da watanni suna neman wanda za su kama da laifin shekarar nan, sama kuwa ta yi nisa.

Alhaji ya kwanta rigingine. Da can in ya kwanta haka sai an taru an tashe shi, yau ya kwanta cikin sauƙi kamar saurayi. Ya rufe fuska da hannun riga.

Rigar ce ta ci amanarsa. Da ya ɗaga hannu sai ta yaye, ta tattare zuwa ƙirji, 'yar shara ta bi ta. Ga fatar cikin nan a fili, ta saki kamar buhun da aka juye. Ga kuma 'yan tabo ƙanana jere a kanta, masu tsabta, kowanne da alamar ɗinki. Ba mayyar da ta taɓa ɗinke wurin da ta ci.

Hajiya Habi idonta ya yi rauni, ba ta gani ba.

Sodangi ya gani. Ya taɓa kai ƙanensa asibiti, ya san aikin likita in ya gan shi. Ya dubi tabon, ya dubi Tasalla, sannan ya tuna buhun geron da aka riga aka ɗora masa a kan jaki a ƙofar gida. Ya duƙa yana neman wani abu a cikin jakarsa.

Saura na jikin katanga. Tasalla ce tsaye tsakaninsu da cikin mijinta, faɗin jikinta ya tare su. Jikin da ta tara da tuwonsa.

Ba sai ta yi magana ba. Rantsuwarta a kan baki ce, ba a kan ƙafa ba. Ta matsa gefe kaɗan kawai, na'ibin liman zai gani, na bayansa su gani, wani ya tambaya, wani ya ba da amsa. Ta san yadda sauran zai tafi. Za a fara da rumbun nan, a wuce sito, wanda ke kwance a tabarma kuwa bai da ƙarfin gudu tukuna, ciwon ciki bai gama sakinsa ba. Ƙannen Ruƙayyatu suna makaranta, za su dawo su tarar da abin da suka tarar.

Ta dubi mutumin. Hannun rigar na nan a kan fuskarsa. Ya san rigar ta yaye, iska ta gaya masa, amma ya kasa sauke hannu ya gyara, don kada motsin ya ja ido.

Tasalla ta duƙa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta kama bakin rigar ta ja ta ƙasa, ta daidaita ta, ta shafe ta da tafin hannu yadda take yi kowace Juma'a kafin ya fita masallaci.

"Kunya gare ta kuma," in ji wata.

Ta miƙe. Ta zare takalmin dama, ta zare na hagu, ta jera su gefen akushin da ba wanda ya ɗauke. Ta tattare zane. Ta ɗaga ƙafa.

"Inna."

Daga bakin zaure muryar ta fito. Ruƙayyatu ce, labarin ya taso ta daga Isa, da jakar makaranta a kafaɗa, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Ba wanda ya lura da lokacin da ta shigo, ba wanda ya san abin da ta gani daga inda take tsaye.

"Inna, mi kinka ruhe ga cikin Baba?"

Kawuna suka juya. Sodangi ya daina laluben jaka. A ƙarƙashin hannun riga, numfashin Alhaji Maliki ya tsaya.

Tasalla ba ta waiwaya ba.

"Ba komi, ɗiyata. Riga ce ta yaye."

Ta sauke ƙafar a ɗaya gefen.